BABI NA HUƊU: TARKEN WASAN MAKAƊAN DARE A ƘANANAN OTAL-OTAL NA KEWAYEN TASHAR JIRGIN ƘASA TA KANO

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin rabe-raben makaɗan Hausa kamar yadda masana suka kasa su, wato makaɗan fada da makaɗan sana'a da makaɗan jama'a. A wannan babi kuwa za a yi tarken wani reshe na makaɗan jama'a wanda ba a cika waiwayarsa ba a kundayen bincike, wato makaɗan da suka riƙa raba dare suna wasa a ƙananan otal-otal da mashaya na Sabon Gari da gefen Fagge, daura da Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano, musamman daga shekarun 1950 zuwa shekara ta 2000. Za a dubi wurin wasan da kayan kiɗan da tsarin wasan da turkensa. Daga nan sai a kwatanta shi da wani nau'in kiɗa na Turawa da ake kira pank, wanda shi ma a ƙananan mashaya ya tashi, sannan a fito da raunin wasan da dalilan ja da bayansa.

Abubuwa biyu babin yake son tabbatarwa. Na farko, irin wannan waƙa ba ta feɗuwa yadda ya kamata idan daga kaset kaɗai aka juyo ta, domin ɗakin da aka yi ta da mutanen da ke cikinsa suna daga cikin tubalan gininta. Na biyu, ƙarfin halin waɗannan makaɗa yana ga irin mutanen da suka zaɓa su wasa. Ya kamata kuma a faɗa tun daga farko cewa nazarin abu daban ne, amincewa da shi daban. Matsayin addinin Musulunci a kan giya da zaman mashaya sananne ne, kuma wannan bincike bai zo don ya yi jayayya da shi ba.

4.1 Tasha da Fagge da Sabon Gari a Matsayin Fagen Wasa

Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, kuma a wajen ganuwar birni aka kafa tashar. Tun kafin zuwan Turawa, Fagge zango ce ta fatake, musamman Buzaye da sauran masu ratso hamada. Bayan isowar jirgi, wajen shekarar 1913, aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa da suka zo daga kudancin Nijeriya da ƙasashen Gana da Saliyo. Wannan ne ya sa har yanzu ake jin sunayen tituna irin su Gold Coast da Enugu da Abeokuta a unguwar. Cinikin gyaɗa ya ƙara cika wurin da mutane, domin a kusa da layin dogo aka riƙa jera dalar gyaɗa kafin a yi lodinta zuwa Ikko. Da aka kai layin Nguru a 1930, sai Kano ta zama mahaɗar matafiya daga gabas da kudu.

Abin lura a nan shi ne irin jama'ar da tasha take tarawa: leburori da 'yan dako da direbobi da yaran mota da 'yan kamasho da 'yan cirani da sojoji da matafiyan da jirgi ya sauke cikin dare. Mafi yawansu maza ne, baƙi, masu ɗan kuɗin lada a aljihu, kuma nesa da idon iyaye da na dangi. A ɗaya ɓangaren, Sabon Gari ta daɗe a ƙarƙashin hukumar Turawa kai tsaye, sai a 1940 aka mayar da ita ƙarƙashin En'e ta Kano, kuma ko bayan haka ba a ɗora mata irin tsanantawar da ake yi a cikin birni ba. Saboda haka duk abin da birni ya ƙi karɓa, a nan yake samun masauki. A nan aka buɗe silima ta Rex a 1937, kamar yadda Larkin (2008) ya nuna, kuma a Sabon Gari aka yi taron kafa jam'iyyar NEPU a ranar 8 ga Agusta, 1950. Ke nan unguwar ta saba da muryar da ba a so a ji a fada.

Ƙaramin otal na wannan yanki yawanci tsakar gida ce da aka kewaye da ɗakuna ko langa-langa, aka zuba benci da teburan ƙarfe, aka rataya 'yan ƙwayayen lantarki masu launi. Babu wani dandamali mai tsayi. Makaɗa suna zaune a kan tabarma ko benci a kusurwa guda, tsakaninsu da mai kallo bai wuce taku uku ko huɗu ba. Wannan kusanci shi ne tushen duk abin da za a tattauna a gaba.

4.2 Makaɗan da Kayan Kiɗansu

Ana iya kasa makaɗan wannan fage gida biyu. Kashi na farko su ne masu kayan kiɗan gargajiya, wato goge da kukuma da kuntigi da kalangu da ƙwarya. Kashi na biyu su ne masu kayan Turawa, wato jita da kakakin Turawa da gangunan badujala, waɗanda suka riƙa yin kiɗan hailaif da juju domin baƙi 'yan kudu. Daga baya aka sami masu rera Hausa da irin waɗannan kaya, kamar Bala Miller a Kaduna da Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda kaset ɗinsa ya ci kasuwa a Kano a shekarun 1990. Wannan tarke ya fi karkata ga kashi na farko, domin su ne suka fi shafar adabin baka na Hausa.

Goge ana yin sa ne da ƙoƙo a rufe shi da fatar guza ko damo, a ɗaura masa tsirkiya ta izgar doki, a riƙa goga ta da wata izgar da aka ɗaure a lanƙwasasshen itace. Kukuma ƙanwar goge ce, ta fi shi ƙanƙanta da siririyar murya. Ana danganta yaɗuwarta da Ibrahim Na Habu, daga bisani kuma aka sami irin su Ali Makaho da Garba Supa da Ahmadu Doka da Hassan Wayam. Kuntigi kuwa, wanda Ɗan Maraya Jos ya ɗaukaka, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya guda. Duk waɗannan kaya masu araha ne, mutum na iya haɗa su da hannunsa, ya rataya a kafaɗa ya hau jirgi daga Kano zuwa Zariya ko Jos ko Nguru. Ba a buƙatar izinin sarki kafin a mallake su, saɓanin tambari ko kakaki na fada.

Game da matsayin masu waɗannan kaya a idon jama'a, Smith (1957) ya nuna cewa roƙo sana'a ce da Bahaushe yake amfana da ita amma yake ƙasƙantar da mai yin ta. A cikin makaɗan ma akwai hawa-hawa, kuma mai goge yana can ƙasa, saboda tun da daɗewa malamai suke kushe goge don alaƙarsa da bori da gidajen mata masu zaman kansu. Ames da King (1971) sun tattara sunayen waɗannan kaya da wuraren da ake amfani da su. Sai dai aikinsu na ƙamus ne, bai shiga auna kyau ko munin wasan ba.

4.3 Zubi da Tsarin Wasan Dare

Duk da cewa baƙo na iya ganin wasan kamar hargitsi ne, yana da tsari wanda makaɗa da 'yan kallo suka sani. Ana iya raba shi mataki huɗu.

Mataki na farko shi ne sharar fage. Bayan sallar lisha yaran makaɗi sukan fara taɓa ƙwarya da kalangu, wani daga cikinsu ya ja kukuma ba tare da waƙa ba. Amfanin wannan shi ne a sanar da na waje cewa akwai wasa, a kuma ba sanƙira lokacin da zai zagaya ya ga su wa suka zo, wa ya zo da wa, wa ya ɗauki albashi, wa ya dawo daga doguwar tafiya.

Mataki na biyu shi ne buɗewa. Idan uban kiɗa ya karɓi kukuma, yawanci da ambaton Allah da salati da neman tsari daga sharrin maƙiya yake farawa, daidai da yadda makaɗin fada yake yi. Wasu na ganin wannan a matsayin wasa da addini. Amma ta fuskar adabi yana nuna cewa makaɗin bai ɗauki kansa wanda ya fita daga al'umma ba. Yana riƙe da mabuɗin da ya gada, ko da kuwa wurin da yake zaune abin ƙyama ne ga jama'a.

Mataki na uku, wanda shi ne cibiyar wasan, shi ne kiran take. Kusan kowane sanannen mai zuwa wurin yana da takensa. Da zarar an juya kiɗa zuwa taken mutum sai ya miƙe ya shiga fage, abokansa su biyo shi, a yi ta liƙi a goshin makaɗi ko na mai rawa, sanƙira yana shelar abin da aka bayar da sunan wanda ya bayar. Idan abokin hamayyarsa yana wurin, shi ma sai ya sa a juya kiɗa zuwa nasa taken da kuɗin da ya fi na farko. A daren ajo, wato wasan da mutum yake shiryawa don a taru a taimaka masa, liƙin ma biki ne, ana riƙe lissafinsa domin a rama wa mai bayarwa ran da tasa ta taso.

A wannan mataki ne za a ga dalilin da ya sa aka ce kaset kaɗai ba ya wadatarwa. Tsawon ɗan waƙa ba a hannun makaɗi kaɗai yake ba. Idan liƙi ya yi ƙarfi sai ya ja shi, 'yan amshi su yi ta maimaita gindin waƙa har mai bayarwa ya gaji. Idan fage ya yi sanyi sai ya datse ya koma wani. Saboda haka ɗalibin da ya juyo waƙar a takarda ya ga ɗa guda yana da layi uku wani yana da ashirin, zai iya yanke hukuncin cewa makaɗin bai iya tsari ba, alhali kuwa ma'aunin da makaɗin ya bi yana tsaye a gabansa yana zaro kuɗi daga aljihu. Gusau (1993) ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka wadda take duba salsala da turke da zubi da salo, kuma hanya ce mai amfani ƙwarai. Matsalar tana ga yadda ɗalibai suka saba amfani da ita, inda sukan cika gurbin salsala da layi biyu, su wuce zuwa ƙirga kamance da siffantawa.

Akwai kuma wani abu da takarda ba ta iya ɗauka ko kaɗan. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsayin wasali, don haka kukuma da kalangu suna iya kwaikwayon hawa da saukar magana har mai saurare ya gane abin da ake nufi. Gwanin kukuma yakan rera rabin habaici da baki, ya bar sauran rabin ga tsirkiya. 'Yan kallo su fashe da shewa, wanda aka yi dominsa ya ji a jikinsa, amma idan aka je gaban alƙali babu kalmar da za a ce makaɗin ya furta. A ra'ayin wannan bincike, wannan ita ce ƙololuwar fasahar waɗannan makaɗa, kuma ita ce ta fi saurin ɓacewa idan aka mayar da wasan rubutu.

Mataki na huɗu shi ne rufewa, wanda yakan zo kafin kiran assalatu. Makaɗi yakan sassauta kiɗa, ya gode wa mai gida da magajiya da manyan baƙi, ya yi addu'ar Allah ya kai kowa gida lafiya.

4.4 Turke: Wa Ake Wasawa?

Idan aka dubi turken waɗannan waƙoƙi za a tarar mafi yawansu yabo ne, sai habaici da zambo da soyayya da gargaɗi a kan halin zaman duniya. Ta wannan fuska ba su bambanta da sauran waƙoƙin baka ba. Bambancin yana ga wanda ake yabo. A fada, kirari gado ne. Ana ambaton iyaye da kakanni da yaƙe-yaƙen da suka yi, kuma talaka ba shi da rabo a ciki sai saurare. A otal ɗin bakin tasha kuwa, direban babbar mota da ɗan kamasho da mai gyaran rediyo da matar da ta baro garinsu bayan mutuwar aure su ne ake kira da irin lafazin da ake kiran hakimi. Tun da ba su da nasabar da za a jero a wannan baƙon wuri, sai makaɗi ya gina musu wata daga sana'arsu da hanyoyin da suka bi da garuruwan da suka kwana da kyautar hannunsu. Lambar mota da sunan tasha sai su tsaya a gurbin sunan kaka.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a al'ummar da take auna mutum da asalinsa. Makaɗin bai zagi sarki ba, bai kuma yi kiran a rushe sarauta ba, amma ya ɗauki wani abu da ake ganin na sarauta ne ya sayar wa duk mai iya biya, ko da na dare ɗaya ne. Waƙar Karen Mota ta Ɗan Maraya Jos misali ce ta yadda wannan ruhi ya fita daga ƙaramin fage ya shiga rediyo, inda yaron mota, wanda ba a ko tambayar sunansa, ya zama abin yi wa waƙa. Haka kuma Mamman Shata, wanda Abdulƙadir (1975) ya yi nazarinsa, ya wasa sarakuna ya kuma wasa direbobi, ya yi wasa a fada ya kuma yi a otal. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Waɗannan biyu sun tsallake, sun sami karɓuwa. Ɗimbin takwarorinsu da suka ƙare rayuwarsu a tsakanin titin Abedi da bakin tasha ba su bar ko hoto ba.

4.5 Kwatanci da Kiɗan Pank na Turawa

Kiɗan pank reshe ne na kiɗan rok, ya kuma bayyana a tsakiyar shekarun 1970 a biranen Niyok na Amurka da Landan na Ingila. A Niyok, wata ƙaramar mashaya mai suna CBGB, wadda aka buɗe a 1973 a unguwar marasa galihu ta Bowery, ita ce ta zama matattararsa, kuma a nan ƙungiyar Ramones ta fara fice a 1974. Faifansu na farko na 1976 yana ɗauke da waƙoƙi 14 a cikin kimanin minti 29. A Landan kuwa ƙungiyar Sex Pistols ce ta yi tashe, har gidan rediyon BBC ya hana sa waƙarsu da ta taɓa Sarauniya a 1977. Kano ba ta yi irin wannan kiɗa ba, amma kwatanta shi da na bakin tasha zai taimaka a gane na gida sosai.

Sun yi kama ta fuska huɗu. Dukansu a ƙuntataccen wuri suka rayu, inda babu shamaki tsakanin makaɗi da mai kallo. Dukansu da kaya masu araha ake yin su. Dukansu mutanen kirki na zamaninsu sun ɗauke su hayaniyar 'yan iska. Sannan dukansu sun yaɗu ne ta hanyoyin da ba na hukuma ba, can ta 'yan mujallun da matasa suke bugawa da kansu, nan kuwa ta bakin direbobi da shagunan masu kwafar kaset.

Sun kuma saɓa ta fuska uku, kuma saɓanin ya fi kamannin muhimmanci. Na farko, 'yan pank sun yi alfahari da ƙarancin gwaninta, suna ganin duk wanda ya iya kamu uku a jita ya isa ya kafa ƙungiya. Mai kukuma kuwa sai ya yi shekaru yana ɗaukar kaya da amshi a bayan ubangidansa kafin a sakar masa fage, kuma 'yan kallo ba sa yafe wa wanda hannunsa bai faɗa ba. Na biyu, waƙar pank gajera ce mai gaggawa, an gama shirya ta kafin a zo, ta kukuma kuwa tana iya cin rabin sa'a domin a wurin ake ƙera ta. Na uku, ɗan pank yana nuna ba ya bukatar ubangida, har yakan tsokani masu kallonsa, shi kuwa mai kukuma da iyayen gida yake rayuwa, sai dai ya sauya su daga masu rawani zuwa masu riƙe da sitiyari. Saboda haka kuskure ne a ɗauko ma'aunin bijirewa na Turawa a ɗora wa makaɗin Hausa, a ce tun da bai zagi hukuma ba to ɗan amshin shata ne kawai. Kowace al'umma da inda igiyarta take ɗaure, kuma a nan mai ja yake ja.

Wani bambancin da ya shafi manazarta shi ne na adanawa. An rufe CBGB a 2006, amma an bar littattafai da hotuna da finafinai masu yawa a kanta. Na bakin tashar Kano kuwa, abin da ya rage bai wuce tsofaffin kaset da abin da gidajen rediyo suka ɗauka da kuma tunanin dattawan da suka ga zamanin ba.

4.6 Raunin Wasan

Tarke ba ya cika sai an faɗi inda aka gaza. Rauni na farko shi ne yadda roƙo yake cinye turke. Sau da yawa makaɗi yakan ɗauko magana mai ma'ana a kan amana ko talauci ko baƙunci, kafin ya kai ta gaci sai wani mai kuɗi ya shigo, sai waƙar ta rikiɗe ta zama jerin sunaye. Kusancin da ya ba wasan rai shi ne kuma ya hana yawancin waƙoƙin tsayawa da ƙafarsu a wajen ɗakin. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kaɗan ne daga cikinsu suka rayu, irin su waƙar Amarya Ango ta Garba Supa, wadda ta sami gurbi a gidajen biki.

Rauni na biyu shi ne rashin tantance wanda ake yabo. Tun da kuɗi ne ma'auni, ɗan caca da mazambaci suna samun kirarin da mai gumin halal yake samu, wani lokaci ma fiye. Idan an yaba wa makaɗin don ya ba talaka kirari, dole kuma a faɗa cewa talakan da ba shi da abin liƙi haka zai zauna har gari ya waye ba a ambace shi ba.

Rauni na uku shi ne batsa da zuga gaba. Habaicin da aka yaba wa fasaharsa a sama yakan sauka ya zama tsiraicin magana idan dare ya yi nisa, kuma gasar liƙi tsakanin abokan hamayya takan ƙare da faɗa ko da mutum ya ƙarar da kuɗin cefanen gidansa. Masu sukar wannan fage ta fuskar tarbiyya suna da hujja a nan, kuma bai kamata manazarci ya rufe ido a kanta ba.

Rauni na huɗu na na'ura ne. Shigowar lasifika ta sa aka riƙa ƙure murya fiye da ƙarfin ƙaramin wuri, har kalmomi su dagule, zaƙin tsirkiya ya koma ƙara. Kukuma kayan kiɗa ne na kusa da kunne, kuma ta yi hasara da aka tilasta mata gasa da janareta.

4.7 Dalilan Ja da Baya

Abubuwa da dama ne suka haɗu suka raunana wannan fage. Dalar gyaɗa ta ɓace a shekarun 1970 bayan fari da cutar amfanin gona, harkar jirgin ƙasa kuma ta durƙushe a shekarun 1980 da 1990, don haka jama'ar da tasha take tarawa ta watse zuwa tashoshin mota. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, sana'ar finafinan Hausa ta kawo kiɗan fiyano na situdiyo, inda mutum ɗaya yake fitar da sautin da a da sai an tara mutum shida. Gidajen gala da suka biyo baya sun fi dogara ga rawa da kwaikwayon waƙar da aka riga aka ɗauka, wanda ya fi wa mai gida araha a kan ciyar da ƙungiyar makaɗa.

Ta fuskar hukuma, an ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a shekara ta 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001 da Hukumar Hisba a 2003, sannan aka yi dokar hana sayar da giya a 2004. A watan Nuwamba na 2013 Hisba ta farfasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a. Sai kuma matsalar tsaro: dokar hana fita bayan harin 20 ga Janairu, 2012, da hana acaɓa a farkon 2013, da bama-baman da suka tashi a wuraren shaƙatawa na Sabon Gari a watan Yuli na 2013 da watan Mayu na 2014. Wasan da rayuwarsa ta dogara ga dare ba zai jure wa duk waɗannan ba. Makaɗan da suka saura sun fi karkata ga bukukuwan aure da tarukan siyasa.

4.8 Kammalawa

A wannan babi an nuna yadda tashar jirgi ta tara baƙi, Sabon Gari da gefen Fagge suka ba su wurin zama, makaɗan kukuma da goge da kuntigi kuma suka ba su suna da take. An nuna cewa wasan yana da tsari mai mataki huɗu, cewa 'yan kallo suna da hannu a tsawon ɗiyan waƙa da alƙiblarta, kuma wani sashe na ma'anarta a bakin tsirkiya yake. An kwatanta shi da kiɗan pank, aka ga sun haɗu a wuri da araha da ƙyamar jama'a, sun rabu a gwaninta da tsawo da dangantaka da ubangida. An kuma fito da rauninsa guda huɗu.

Hukuncin da wannan bincike ya yanke shi ne, a matsayin rubutaccen matani yawancin waɗannan waƙoƙi ba su kai na manyan makaɗan fada irin su Narambaɗa ƙarfin gini ba, amma a matsayin wasa na nan take suna da fasahar da ta cancanci a ba ta babi a tarihin adabin Hausa. Don haka ana ba da shawarar sassan koyar da Hausa su tura ɗalibai su yi hira da tsofaffin 'yan amshi da sanƙirori da masu shagunan kaset na Fagge da Sabon Gari tun suna raye, a kuma riƙa rubuta wuri da lokaci da mahalarta a gefen kowace waƙa da aka juyo. A babi na biyar za a kawo taƙaitawar binciken gaba ɗaya da sauran shawarwari.